Kuɗin Ranar Juma'a

Tunda aka haifi Wasila mahaifinta bai taɓa kiran sunanta ba. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata, ko da kuwa faɗa zai yi. To ranar nan tana tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Al Nahda a Dubai, ta fito daga makaranta da jakar littattafai a kafaɗa, sai ga wayarsa daga Gombe. Tana ɗauka ko gaisuwarta bai gama amsawa ba ya ce, "Ke, ina kuɗin suke tafiya?"

Wannan "ke" ɗin ya fi mata mari zafi.

"Baba, canji ne. Na faɗa maka dala tana..."

"Kar ki kawo mini maganar canji. Na tambayi Mika'ilu, a banki yake aiki, ya fi ki sani. Ya ce canji bai motsa haka ba. Ya ce Dubai gari ne mai kantuna, yaran yanzu kuma sai addu'a." Sannan ya ƙara da cewa, "Ki gama jarrabawar nan ki haɗo kayanki. Ban tura ki yawon kantuna ba."

Ya kashe wayar. Jirgi ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, ita tana nan tsaye kamar an dasa ta.

Alhaji Gidaɗo mutum ne mai sayar da maganin dabbobi, ba wani hamshaƙi ba. Da guminsa yake biya wa Wasila karatun haɗa magunguna, duk da surutun 'yan uwa da ke cewa 'ya mace a ƙasar waje ɓata kuɗi ne. Yana da wata ɗabi'a da duk kasuwa ta san shi da ita: ba ya fitar da kuɗi mai nauyi sai ranar Juma'a. Kuɗin lebura, kuɗin haya, sadakin ƙannensa, duk ranar Juma'a ya biya su, wai ranar ta fi albarka. Kuɗin makarantar Uwata kuwa ai su ne kan gaba. Duk farkon wata, da an sauko daga masallaci, sai ya zarce banki da babbar rigarsa ya tura.

Shi kuma Mika'ilu ɗan amininsa ne. Shekararsa shida a Dubai, yana aiki a reshen wani banki a Deira, inda 'yan kasuwarmu suke cika. Aikinsa shi ne janyo mutane su buɗe asusu, kuma ya iya. Ga fara'a, ga kwat a goge, ga Larabci da Turanci da Hausa duk a bakinsa. Ranar da Wasila ta sauka, shi ya ɗauko ta daga filin jirgi, don Alhaji ya ce masa, "Ga amana nan." Washegari ya kawo mata takardun banki har gida, ya riƙa nuna mata da ɗan yatsa, sa hannu nan, sa hannu nan. Ita kuwa ta sa. Yaya za a yi yayanka ya miƙo maka takarda ka tsaya karantawa a gabansa, kamar kana zarginsa? Ko a mafarki ba ta ga kanta tana yin wannan rashin kunyar ba.

Shekara guda ke nan kuɗinta ba sa kai ta ƙarshen wata. Ta daina sayen nama, ta koma burodin Larabawa da shayi. Takalminta guda ɗaya ne, ta kai shi ɗinki har mai ɗinkin ya fara tausaya mata. A ƙarshe da gibin ya yi yawa ta roƙi Baba ƙari, abin da ya jawo wannan waya ke nan. Wai ita ce mai yawon kantuna!

Washegari ba ta je wurin Mika'ilu ba. Ta hau jirgin ruwan fito ta tsallaka Bur Dubai, ta shiga wani reshen bankin inda babu wanda ya san ta. Wata ma'aikaciya 'yar Indiya ta duba na'urarta, ta ɗago kai ta ce, "Ke ɗaliba ce? To me ya sa aka buɗe miki asusun masu albashi?"

Nan ta warware mata komai. Makaranta tana kai cakin kuɗin karatu da Wasila ta rubuta mata banki ranar Lahadin farko ta wata, don a lokacin Lahadi ce farkon mako a nan. Kuɗin da aka turo daga Najeriya ranar Juma'a da yamma kuwa kwana suke a hanya, don can an rufe Asabar da Lahadi, ba sa isowa sai Talata ko Laraba. A tsakanin nan banki yake biyan cakin daga aljihunsa, abin da suke kira overdraft, sannan ya ci tara mai kauri. Bayan tarar ga kuɗin ruwa, ga wani inshora da ba ta taɓa jin labarinsa ba, ga tarar rashin shigowar albashi, ita da ba ta taɓa karɓar albashi ba. Wata mai zuwa kuɗin Baba su tarar da rami, su faɗa ciki, ramin ya ƙara zurfi.

"Asusun ɗalibai ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan," in ji matar. Ta ɗan rage murya. "Sai dai wanda ya buɗe shi ba ya samun kamasho."

Wasila ta yi mata godiya. Ta cike takardar ƙorafi, aka ba ta lamba, aka ce ta jira, sashen da ke dubawa zai neme ta.

Daga nan ta wuce Deira. Mika'ilu yana ganinta ya buɗe baki da fara'arsa. "Ƙanwata! Yau ke ce a ofishinmu?"

Ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta faɗa masa abin da ta jiyo. Fara'ar ta ragu amma ba ta gudu ba.

"Haba ƙanwata, ai taimakonki na yi. Na san Baba sai Juma'a yake turawa. Da ban sa miki overdraft ba, da cakinki ya dawo, kin kuwa san a garin nan caki ya dawo maganar 'yan sanda ce."

"Ka sani ke nan tun farko, Yaya."

"Na san me?"

"Ka san kuɗin Juma'a ba sa isowa. Kalma ɗaya za ka faɗa wa Baba, ya riƙa turawa da wuri. Da ya tambaye ka kuma, sai ka ce masa kantuna."

Ya duba agogonsa. "Shwaiya shwaiya, bi a hankali, Wasila. Tsohon nan ya matsa mini da tambaya ne, na faɗi abin da ya zo bakina. Zan duba miki, inshallah. Yanzu ina da baƙi."

A ɗakin da suke haya a Al Nahda, abokiyar zamanta Barikisu, 'yar Zangon Kumasi mai aikin gyaran gashi, ta ji labarin ta buga cinya. "Kai! Ni da ni ce, wallahi zan shiga bankin nan in yi ihu har Sharjah su ji. In kama wuyan kwat ɗin nan nasa!"

"Ki yi ihu a Dubai a kai ki caji ofis, a soke miki biza," in ji Wasila. "Shi kuma ya bugo wa Baba ya ce ga abin da nake faɗa."

"To ki bar shi da Allah ke nan?"

"Zan bar shi da Allah. Amma sai na gama da shi tukuna."

Abin da ta lura da shi a ofishin nan shi ne kujerun jira. Layi ne guda, suna fuskantar teburin Mika'ilu, duk mai zuwa wurinsa sai ya bi ta gabansu. Kuma kusan duk masu zuwa wurinsa mutanenmu ne: masu kamfanin kago na jigilar kaya, dillalan waya, hajiyoyi masu saro atamfa da turare. Ta san halin mutanenta. Bahaushe ba ya ganin 'yar gida zaune a ƙasar wani ya wuce bai gaisa ba, in ya gaisa kuma sai ya tambaya.

An ba su hutun shirin jarrabawa a makon. Ranar Lahadi ana buɗe ƙofar banki ta shiga da mayafinta mai fure irin na gida, wanda ko daga nesa za a san daga ina ta fito. Ta ciri tikitin layi, ta zauna a kujerar farko, ta buɗe littafinta.

"Yaya Mika'ilu, ina kwana? Ya iyali? Ya jikin jaririn?"

Ya amsa, don ba shi da yadda zai yi.

Ba a jima ba sai ga Alhaji Ado, mai kamfanin kago a bayan kasuwar Naif, babban mutum mai asusu uku a hannun Mika'ilu. Ya gan ta ya tsaya.

"A'a, 'yar gida ce? Daga ina?"

"Daga Gombe, Alhaji. Karatu nake."

"Masha Allah. Lafiya dai kike zaune?"

"Lafiya ƙalau, Alhaji. Haƙƙina nake jira."

"Haƙƙi kuma? Wa ya taɓa ki?"

Ta faɗa masa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ƙara ko gishiri ba, ba ta zagi kowa ba. Yadda aka yi kawai, daga sa hannu har zuwa maganar kantuna. Alhaji Ado ya juya ya dubi Mika'ilu, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ƙarasa teburin ya ce, "Kafin mu yi maganar da ta kawo ni, ɗan buga mini bayanin asusuna na shekara. Duka ukun."

Wasila ta mayar da idonta kan littafi. Daɗin da ta ji a ranar har kunya ya ba ta, amma ba ta tuba ba.

Da aka kira lambarta sai ta tashi ta je kanta, ta tambayi inda ƙorafinta ya kwana. Aka ce ana dubawa. Ta yi godiya, ta sake cirar tikiti, ta koma kujerarta. Mai gadi ya zo ya tsaya a kanta, ta nuna masa tikitin, ya sosa ƙeya ya koma bakin ƙofa. Me zai ce? Mai asusu ce, tana kan layi, karatunta kawai take yi.

Haka ta yi washegari, haka ta yi jibi. Azahar in ta yi ta je masallacin da ke kusa ta yi salla, ta ci burodinta, ta dawo. Karatu kuwa ya shiga kanta yadda bai taɓa shiga ba, don sanyin na'urar bankin ya fi na ɗakinsu. Labari ya zaga Deira tun daga shagunan waya har gidan da ake sayar da tuwo a saman bene. Wasu ma ba su da abin yi a bankin, zuwa suke su ga yarinyar.

Hajiya Barira, wadda ta yi shekaru tana saro kaya tsakanin Kano da Dubai, ba ta iya magana a hankali ba ko a gidan makoki. Ta saurari Wasila har ƙarshe, ta riƙe haɓa, ta juya.

"Mika'ilu! Amanar ce ka yi wa haka? Ka ci kuɗin yarinya, sannan ka je ka ɓata ta wurin ubanta? Ni da na kawo maka 'yar ƙanwata bara, ita ma irin takardar ka ba ta?"

"Hajiya, don Allah, nan ofis ne..."

"Ofis ɗin uban wa! Yalla, maza buɗe mini nata in gani."

Ranar nan gumi ya jiƙa kwalar Mika'ilu duk da sanyin wurin. Mutum biyu suka rufe asusunsu kafin a tashi. Wasu ɗalibai uku da shi ya buɗe musu suka zo suka ciri tikiti, suka zauna kusa da Wasila da nasu littattafan.

Da yamma ya tare ta a bakin titi, kusa da inda ake hawa jirgin fito. Babu kwat, babu fara'a. Ya miƙo mata ambulan.

"Ga shi, na lissafa duk abin da aka cire miki, har da ƙari. Daga aljihuna. Khalas, a bar maganar nan, ƙanwata, ki rufa mini asiri."

Ba ta miƙa hannu ba.

"Kin san yadda aikin nan yake?" ya ce. "Target ake ba mu duk wata, adadin asusun da dole mu buɗe. In ban cika ba sau uku, an sallame ni. Bizata a hannunsu take, da ta matata, da ta yaron. Watan da kika zo saura mutum ɗaya in cika. Na ce wata biyu ne in mayar miki da shi na ɗalibai, sai abu ya bi ta kaina."

Ta yarda gaskiya yake faɗa, ta kuma ji tausayinsa, don ta san matar, ta ɗauki jaririn ranar suna. Amma ta tuna da tashar Al Nahda, sai zuciyarta ta koma yadda take.

"Yaya, da kuɗin kawai ka ci, wallahi da na karɓi ambulan ɗin nan na yi shiru. Baba tun ina cikin zani yake ce mini Uwata. Ranar nan 'ke' ya ce mini. Nawa ka sa a ciki na wannan?"

Ya sunkuyar da kai.

"Banki ne ya cire, banki zai mayar, a rubuce. Kai kuma ka kira Baba a gabana, da bakin da ka faɗa masa kantuna."

"Zai faɗa wa mahaifina, Wasila. Kin san abin da hakan ke nufi a gida."

"Na sani. Ni ma nawa mahaifin aka faɗa wa."

Washegari manajar reshen, wata mata 'yar Labanan mai tabarau a kan goshi, ta gaji da ganin ajin karatu a ɗakin jiranta. Ta kira Wasila ofis, ta kira Mika'ilu. Takardar ƙorafin da aka ce sai sashe ya duba, cikin rabin awa aka gama duba ta. Za a mayar da duk tarar da inshorar, za a juya asusun ya koma na ɗalibai, na sauran ukun ma haka. Shi kuma an ɗauke shi daga teburin gaba zuwa wani ɗaki a baya, inda babu baƙi, babu kamasho.

"Shi ke nan, habibti?" in ji manajar. "Gobe kujerata za ta huta?"

"Saura abu ɗaya, amma ba na banki ba ne."

A ƙofar ofishin ta miƙa masa wayarta, ta riga ta danna lambar, ta buɗe murya. Ya karɓa da hannu biyu kamar garwashi.

"Baba, Mika'ilu ne. Ina wuni."

Ya faɗa. Ya yi ta kewaye-kewaye da farko, yana cewa kuskuren na'ura, Wasila ta dube shi kawai, sai ya dawo hanya. Ya faɗi asusun, ya faɗi kamashon, ya faɗi maganar Juma'a, ya ce yarinya ba ta taɓa kashe ko sisi a banza ba, shi ne ya yi mata ƙarya.

"Na ji," in ji Alhaji Gidaɗo. "Allah ya kyauta."

Ya kashe. Bai ce a ba shi ita ba.

Wasila ta karɓi wayarta ta fita. Ta yi zaton ranar za ta yi rawa a titi. Ga kuɗi an dawo da su, ga Mika'ilu ta bar shi jingine da bango kamar wankin da aka manta a igiya, Barikisu har guɗa ta yi da ta ji. Amma ita da ta kwanta sai hawaye. Ta san mahaifinta, bai taɓa ba wa yaro haƙuri ba, ba kuma zai fara a kanta ba. Kuma bai janye maganar haɗo kaya ba. Ta rubuta jarrabawarta, ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado ta kakkaɓe, ta bar shi a buɗe.

Ƙarshen wata ya matso, babu waya daga Gombe. Ran nan da hantsi tana ninke kaya sai wayarta ta yi ƙara, saƙon banki. Kuɗi sun shigo, cikakkun kuɗin sabon zango, saura kwanaki makaranta ta kai caki. Ta duba kalandar da ke bango ta sake dubawa. Alhamis ce. Kuɗin da suka iso Alhamis ba ranar Juma'a aka turo su ba.

Tana riƙe da wayar kira ya shigo.

"Uwata, kin gani?"

Sai da ta zauna a bakin gado kafin ta iya amsawa. "Na gani, Baba. Yaushe ka tura?"

"Shekaranjiya."

"Baba, shekaranjiya ai Talata ce."

"Na san Talata ce," ya ce da ɗan faɗa-faɗa. "Yaron bankin ma sai da ya tambaye ni ko lafiya. Ki sayi nama ki ci, an ce kin rame."